Lemon Bayan Ɗaki

A gandun renon itatuwa kowa Waliyyi yake ce masa, don shi ne mai aurar da lemo. Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan aiki. Zai zauna kan 'yar kujerarsa ta katako tsakanin layukan dashe, ya tsaga ɓawon ƙaramin gindi da wuƙa, ya zura masa ido guda, wato ɗan toho, da aka yanko daga itace mai daɗin 'ya'ya, ya naɗe wurin da zaren leda, sannan ya ja kujera zuwa na gaba. In auren ya kama, sama ta zama lemon zaƙi, ƙasa ta ci gaba da zama gindi mai ƙarfin saiwa. Kafin ya taɓa kowane dashe sai ya kunna laita ya lasa wa bakin wuƙar wuta. Ba wanda ya koya masa wannan, da kansa ya gano, kuma duk sabon ma'aikacin da aka kawo sai ya ji daga bakinsa cewa ba a yi cutar da ke tsallake wuta ba.

Ƙaninsa, autan ɗakinsu, a hannunsa ya fara riƙe wuƙar aure lokacin yana ɗalibi. Daga baya karatu ya ja shi, ya tafi ya daɗe, ya dawo ma'aikaci a cibiyar binciken cututtukan shuke-shuke. Sau biyu a wata yake zuwa gandun a motar ofis, ma'aikata na ce masa Likita. Mai gandun, wanda a duk tsawon shekarun nan bai taɓa ce wa Waliyyi zauna ba, da hannunsa yake jawo wa Likita kujera. Waliyyi kaɗai ke kiransa Auta, kuma in akwai baƙi yakan ɗan ɗaga murya.

Shekara biyar da suka wuce Auta ya ba da shawara biyu, aka bi su duka. Ya ce a daina amfani da tsohon gindi, wanda saiwarsa ke ruɓewa a ƙasa mai riƙe ruwa, a koma wani sabo da cibiyarsu ta gwada. Ya kuma sa aka gina ɗakin raga, aka killace uwayen itatuwa goma sha biyu a ciki, kowace da lambarta, da almakashinsu na musamman da ba ya fita waje. Duk idon da za a aura, daga nan zai fito. Ba a jima ba manoma suka fara zuwa suna cewa a ba su na gindin Likita. A gaban Waliyyi suke faɗa, yana zaune da wuƙa a hannu, yatsunsa duk tabo. Ba a taɓa cewa a ba da auren Waliyyi ba.

To, a bayan ɗakinsa akwai wani lemo. Shi ya aura shi da kansa kan tsohon gindi shekara goma sha biyu baya, daga wani reshe da ya tsinto a lambun da aka yi watsi da shi. 'Ya'yansa masu siririn ɓawo ne, ruwa cike, da ɗan cibiya karkatacce a ƙasansu, ganyensa kuwa shar kamar an shafa masa mai. Ba lambar da ke rataye a jikinsa, ba littafin da ya san da shi. Tun daminar da aka gina ɗakin ragar, Waliyyi ya fara yankar ido daga jikinsa da safe, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya sa a aljihu. In an miƙo masa na ɗakin raga sai ya haɗa, wannan dashe na ofis, wancan nasa. Lissafinsa shi ne, ranar da manoma suka dawo suna tambayar wane lemo ne wannan mai zuma, zai miƙe ya karkaɗe wandonsa ya faɗa musu, kowa ya san cewa gindi a ƙasa yake, ba shi ake sha ba.

Manomi ya dawo kuwa, wata Talata da hantsi, amma da tumɓukakken itace a bayan akori-kura. Ya sauke shi a ƙofar ofis kamar gawa. Shekararsa huɗu a gona, tsawonsa bai wuce ƙirjin mutum ba. Daga wurin auren zuwa sama lafiya lau, har da 'ya'ya biyar-shida a rataye. Daga wurin auren zuwa ƙasa ɓawo ya tsattsage yana ɓamɓarowa kamar ƙafar mai faso, ƙaro na tsattsafowa daga ciki. Manomin ya ce yana da irinsu sun fi ɗari, maƙwabcinsa ma haka, kuma ya yi feshi har ya gaji.

Aka kira Likita. Ya je gonakin, ya ɗebi ganye da ɓawo, bayan kwana goma ya tara ma'aikata a rumfar cika leda don ya yi musu bayani. Ya ce abin ba tsutsa ba ne, ba funfuna ba ce, ba ma bairos ba ne. Bairos ko ba komai yana da riga. Wannan tsirara yake, ɗan guntun zare ne na saƙon halitta wanda bakinsa biyu suka haɗu kamar zobe, bairoyid ake ce masa. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya ƙera komai da kansa. In ya shiga jikin itace, sai injin da itacen ke kwafe nasa saƙonni da shi ya ɗauka na gida ne, ya yi ta kwafe shi, kwafin ya bi ruwan jiki har saiwa. In itacen ya farga sai ya hau daddatsa zaren don ya kare kansa. A nan ne, a zaton masu bincike, ɓarnar take: wasu guntayen kan yi kama da saƙonnin itacen na gaskiya, sai ya bi nasa ya toshe, wanda ke cewa yi tsawo, wanda ke cewa gyara ɓawo.

Matar da ke ban-ruwa ta ce wato baƙo ne ya zo ba ko wando, aka ba shi ɗaki da magatakarda, aka tashi korarsa aka fasa wa 'yan gida kai. Aka yi dariya, Likita ya ce ko a makaranta ba a faɗa masa da kyau haka ba.

Sannan ya zo kan yadda ake ɗauka. Ya ce ba iska ke kawo shi ba, ba ruwa ba. Ido mai ɗauke da shi ake aurawa, ko wuƙa ta ɗebo daga wannan ta kai wa wancan. Feshi ba ya taɓa shi, don ba shi da jikin da guba za ta kama. Itacen da ya kamu ya kamu ke nan. Kuma akwai itatuwan da ke ɗauke da shi shekara da shekaru ba alama, musamman waɗanda ke kan tsohon gindi. Sabon gindin ne ba ya iya ɓoye shi. Da ya zo maganar wuƙa sai ya juya yana kallon tarin ledoji, ya ce lasar wutar laita ba ta isa ba, sai an tsoma a ruwan bilic, irin na wanki, tsakanin dashe da dashe.

Ba wanda ya kalli Waliyyi, kuma wannan ya fi masa ciwo.

“Auta,” ya ce, “wuƙar nan ta girmi digirinka.”

“Ta girme shi, Yaya. Ita ta koya min rabin abin da na sani.”

“Ɗaya rabin ne ya tsattsage wa mutane gona.”

Wasu suka yi ƙasa da kai suna murmushi. Waliyyi ya ji maganar ta zauna daidai, ya yi ta juya ta a ransa har aka tashi.

Sai ga abin da ya ɗaure kai. An gwada uwayen ɗakin raga goma sha biyu, duk suka fito tsaf. An sake gwadawa, haka. Mai gandun, mutumin da ba ya son dogon labari, ya ce shi bai ga zare ba, bai ga zobe ba, abin da ya gani shi ne shekara ashirin yana sayar da dashe ba wanda ya dawo masa da itace a mota sai da aka canja gindi. In uwaye lafiya suke, to gindin ne mugu. Ya ce ya ba Likita zuwa Litinin. In bai nuna masa inda cutar ta shigo ba, zai rubuta wa shugaban cibiyar cewa ma'aikacinsu ya kawo masa gurɓataccen gindi, ya kuma tura manoman can da itatuwansu. Kowa a wurin ya san abin da irin wannan takarda za ta yi wa mutumin da aikinsa duka shi ne a yarda da maganarsa. Rannan ba a jawo wa Likita kujera ba.

Waliyyi ya koma layinsa ya aura dashe arba'in kafin azahar, hannunsa ba nauyi ko kaɗan. Tun a rumfa, tun lokacin da aka ce akwai itacen da ke ɗauke da ita ba alama, lemon bayan ɗakinsa ya faɗo masa a rai. Amma daɗin ganin Auta a tsaka mai wuya ya danne tunanin. Irin daɗin sosa ƙurji ne, mutum ya san zai yi ruwa, ba ya iya janye hannu.

A gida matarsa ce ta fara taɓo zancen. Ita ke jiƙa masa tsumman nan kowace safiya, shekara biyar, ba ta taɓa tambaya ba. Da ya gama ba ta labarin takardar, yana yi yana ƙoƙarin ɓoye haƙoransa, sai ta ce to gobe a jiƙa tsumma ko a bari. Ya ce me ya haɗa tsumma da wannan magana. Ta ce ita dai ba ta yi karatu ba, amma in an gwada sha biyu an rasa, sai a tuna da ta sha uku. Ya ce mata lemonsa ko ganye ɗaya bai taɓa yin rawaya ba. Ta ce shi ma ai ko furfura bai cika yi ba, amma ita ta san abin da ke cikinsa.

Juma'a da Asabar ya yi su yana shari'a da kansa, kuma shi mutum ne da ya iya shari'a. In da ba a canja gindi ba, da ba itacen da zai tsage, wannan gaskiya ce, Auta da bakinsa ya faɗa. Shekara goma sha biyu lemon nan na tsaye lafiya kan tsohon gindi, wa ya cuta? In mutum ya zo da wuta, wani ya zo da busasshiyar ciyawa, wa ya ƙona rumbu? Kuma wa ya ce daga lemonsa ne? Ba a gwada ba. Abin da ba a gwada ba zato ne, ba a hukunci da zato. Ya jera hujjojin nan suka tsaya cak kamar layin dashe. Sai dai duk lokacin da ya zo ƙarshe, sai ya tarar da tambaya guda tana jiransa: in ka tabbata lafiya yake, me ya hana ka yanki reshe ka kai? Daga nan sai ya koma farko.

Ranar Lahadi da la'asar Auta ya zo gaisuwa, ba motar ofis, a ƙafa daga bakin titi. Ya rame a ido. Matar gidan ta shimfiɗa musu tabarma a inuwar bayan ɗaki, don nan ake zama, ta ce wa ƙanin mijin nata ga shi an ce za a rubuta shi a takarda, da ma ta san boko ƙarshensa takarda ne. Ya yi dariya ya ce ta yi masa addu'a a yi rubutun da kuskure. Ta tsinko lemo huɗu ta ajiye a faranti ta shige ciki, ta bar ƙofa a buɗe.

Suka yi maganar ruwan sama, suka yi ta ciwon ƙafar yayarsu. Auta ya ɗauki lemo ɗaya yana juya shi a hannu, babban yatsansa a kan cibiyar, bai ɓare ba.

“Na ga irin wannan a gonar mutumin nan,” ya ce. “A jikin waɗanda suka tsage. Ba uwar da ke haifar sa a ɗakin raga.”

Waliyyi ya ce lemo ai lemo ne.

“Shekara da shekaru nake shan sa a gidan nan, Yaya.”

Kaza ta zo ta leƙa farantin, ba wanda ya kore ta.

“To ga shi a gabanka. Yanka ka je ka gwada.”

“In na gwada dole in rubuta. In na rubuta, mai gandu zai karanta.” Ya ajiye lemon. “Ban zo yanka ba. Na zo in roƙe ka ka daina kai ido daga nan, ka kuma riƙa tsoma wuƙar. Dashen da ke ƙasa yanzu zan nemi a ƙone su, zan ce ban gano mashigar ba. Takardar kuma, ba ni ne farkon wanda aka rubuta ba. Ni ina da wurin komawa. Kai nan ne wurinka.”

Ya faɗe ta da taushi, ba gori a ciki, Waliyyi ya nemi gorin sama da ƙasa bai samu ba. Da zagi ne da ya san abin yi. Ya kalli ƙanin nasa, wanda aka haifa shi yana da shekara goma sha huɗu, ya ga ashe tun ranar farko ya sani, tun kafin rumfa, ya tsaya aka yi masa dariya, aka hana shi kujera, yana riƙe da maganar da za ta wanke shi bai sake ta ba. A karatu Auta ya riga shi, a kujera ya riga shi, a bakin manoma ya riga shi. Yanzu kuma ga shi zai ɗauki laifin wansa a ka ya wuce da shi, ya bar shi zaune a layi da wuƙa, yana cin abinci a inuwar alherin Auta har ya mutu. Duk zuwan motar ofis sai ya tuna. Duk gaisuwa sai ya ji ta.

Bai ce na gode ba. Ya ce yamma ta yi, kada ya rasa mota.

Litinin da safe ya yanki reshe mai tsawon kamu ɗaya, har da ɗan lemo a jiki. Matarsa ta miƙo tsumma, ya ce ba sai an jiƙa ba, wannan ba aure za shi ba. A hanya ya yi ta tambayar kansa ko wannan abin da zai yi tuba ne ko kuwa wani sabon salon ƙin ƙaninsa. Ya so ya ce tausayin manoma ne, ya duba ya ga akwai shi amma kaɗan. Ya so ya ce tsoron Allah ne, ya ji kunyar faɗa. Abin da ya fi yawa shi ne ba zai yarda a yafe masa daga sama ba. Ya isa ƙofar gandu bai yanke hukunci ba, ƙafarsa dai ba ta tsaya ba.

Mai gandun na zaune da takardar a gabansa, an buga ta, sa hannu ya rage. Auta na tsaye gefen taga. Waliyyi ya shiga ba sallamar kirki, ya ɗora reshen a kan takardar, ya faɗi komai a tsaye: lemon, tsumman, shekara biyar, wane layi da wane layi. Ya faɗa da ƙarfi kamar mai kai ƙarar wani. Auta ya buɗe baki, Waliyyi ya ɗaga masa hannu ya ce manya na magana.

Mai gandun ya daɗe yana kallon reshen. Ya tambaye shi me ya sa. Waliyyi ya ce lemon ya fi na ɗakin raga daɗi, kuma wannan ko yanzu a kan bakansa yake. Mai gandun ya ce daɗin nan ya ci masa dashe dubu uku da sunan gandu. Ya ninke takardar ya jefa a aljihun tebur, ya ce wa Likita ya ɗauki reshen ya gwada. Shi kuma Waliyyi ya ajiye wuƙa ya koma cika leda har a ga abin da gwaji zai ce, daga nan a san ko yana da sauran zama.

Gwaji ya faɗi abin da kowa ya sani. Ranar da aka tara dashen a bayan shinge aka cinna musu wuta, Waliyyi na cikin masu turo baro. Ɗanyen ganye ba ya son ci, hayaƙi ya yi ta bin mutane. Auta ya zo ya tsaya kusa da shi, suna kallon wuri ɗaya. Ya ce na bayan ɗakin ma sai an sare, amma irin ba lallai ya ɓata ba. Akwai hanyar wanke shi. A can ƙarshen sabon toho akwai ɗan tsinin da bai kai kan allura ba, wanda sau da yawa zaren bai riga ya isa ba. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ake yanko shi a ɗora a kan ɗan jaririn gindi a cikin kwalba. In ya kama, a rene shi, a gwada, in ya fito tsaf a ba shi lamba ya shiga ɗakin raga.

“Aure ne shi ma ke nan,” in ji Waliyyi.

“Aure ne.”

“Wa ke ɗaurawa a wurinku?”

“Ni.”

Waliyyi ya juye baron, ya buga gefensa da ƙafa don ƙasa ta zube. Ya tambaya, ba tare da ya juyo ba, a cikin ɗari nawa ke kamawa. Auta ya ce in an yi sa'a talatin.

“Talatin,” Waliyyi ya maimaita a hankali. Shi a mugunyar shekara ma bai taɓa sauka ƙasa da casa'in ba. Ya ji wani ɗan sanyi ya ratsa masa ƙirji, ya san daɗin fin ƙaninsa ne, bai kore shi ba. Ya ce wa Auta kada ya taɓa tohon nan sai yana wurin, sannan ya juya baron ya tafi ɗebo saura.